Ƙarshen Zamani da Faɗuwar Shaiɗan: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan tasowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na sassan Hausa a ikilisiyoyin Legas, daga Agege da Mile 12 zuwa Obalende da Ojo. Wasu daga zumuntar mata suke fitowa, wasu daga matasan da aka turo wa bidiyo a WhatsApp, wasu kuma wa'azin cikin danfo ne ya tayar wa mutum hankali a hanyar aiki. Inda Kiristoci suka zama baki ɗaya mun faɗa kai tsaye. Inda aka rabu, mun nuna hujjar kowa, mun kuma faɗi wadda muke ganin ta fi nauyi.

Malam, daga ina zan fara karatu a kan ƙarshen zamani?

Kada ka fara da Ru'ya ta Yohanna, wadda wasu juyi suke kira Wahayin Yahaya. Nan ne yawancin mutane suke ɓacewa. Fara da inda aka yi magana a fili: Markus 13, ko Matiyu 24 da 25. Bi da 1 Korintiyawa 15, da 1 Tasalonikawa 4:13 zuwa 5:11, da 2 Tasalonikawa 2, da 2 Bitrus 3. Daga nan ka koma Tsohon Alkawari: Daniyel 2, 7, 9 da 12, Ezekiyel 37 zuwa 39, Zakariya 14. Sai a ƙarshe ka buɗe Ru'ya.

Dalili shi ne Ru'ya littafin siffofi ne, kuma kusan dukan siffofinsa aro ne daga annabawa. Wanda bai san dabbobi huɗu na Daniyel 7 ba, in ya ga dabbar Ru'ya 13 mai kama da damisa, ƙafafunta na beyar, bakinta na zaki, sai ya shiga neman fassara a labaran rediyo, alhali fassarar tana can baya a littafin Daniyel. Littafin sura 22 ne, aya 404. A karanta shi da murya daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, wajen awa ɗaya da rabi ya isa. Haka ikilisiyoyin farko suka ji shi.

Wa aka fara rubuta wa Ru'ya, kuma yaushe?

Yohanna ya rubuta shi daga tsibirin Fatmos zuwa ga ikilisiyoyi bakwai: Afisa, Simirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya da Lawudikiya, dukansu a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Ireniyus, wani shugaban ikilisiya wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya ce an ga ru'yar gab da ƙarshen mulkin Domitiyan sarkin Roma, wato wajen shekara ta 95. Wasu masana suna mayar da ita baya, kafin a rushe Urushalima a shekara ta 70.

A garuruwan nan akwai haikalin bauta wa sarkin Roma, ƙungiyoyin masu sana'a kuma suna da bukukuwan gumakansu. Maƙerin da ya ƙi zuwa bikin yana iya rasa kasuwarsa. Ka riƙe wannan, domin duk fassarar da ba za ta yi wa maƙerin Tayatira amfanin komai ba, akwai alamar tambaya a kanta.

Mene ne dukan Kiristoci suka yarda da shi?

Yesu zai dawo da kansa, cikin jiki, a fili. Matattu za su tashi. Za a yi shari'a. Za a kawar da Shaiɗan da mugunta da mutuwa har abada. Allah zai sabunta sama da ƙasa. Katolika da Anglikan da Baptis da ECWA da COCIN da EYN da Fentikos duk sun tsaya a nan. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka kammala a 381, ta ce zai sāke zuwa da ɗaukaka ya yi wa masu rai da matattu shari'a, mulkinsa kuma ba shi da iyaka. Gardamar da kake ji duk a kan jerin abubuwa ne da lokacinsu.

In an ci nasara a kan Shaiɗan a gicciye, me ya sa mugunta take ƙaruwa?

Wannan ce tambayar da ta fi sauran nauyi, kuma yawanci mai ciwo a zuciya ne yake yinta.

Sabon Alkawari yana magana iri biyu, dukansu gaskiya. A gefe ɗaya an gama: Yohanna 12:31 ya ce yanzu za a fitar da mai mulkin duniyan nan, Kolosiyawa 2:15 ta ce an tuɓe wa ikoki makamansu an kunyata su a fili. A ɗaya gefen da saura: 1 Bitrus 5:8 ya ce Iblis yana zagawa kamar zaki mai ruri, Romawa 16:20 kuma ta ce Allah zai tattake shi, wato nan gaba.

Duk wanda ya zauna gidan haya a Legas ya san yadda wannan yake. Kotu ta yanke hukunci, an ba ɗan haya takardar tashi, amma ma'aikatan kotu ba su zo fitar da kayansa ba tukuna. Gidan ba nasa ba ne, ya kuma sani. A wannan tsakanin ne yake cire famfo, ya fasa taga, ya zagi maƙwabta. Ru'ya 12:12 ta faɗi haka sarai: fushinsa ya yi yawa don ya san kwanakinsa kaɗan ne. Abin da gicciye ya ƙwace masa tun yanzu shi ne ikon kai ƙara. A 12:10 an kira shi mai ƙarar 'yan'uwa, an kuma jefar da shi. Yana iya tsananta wa mai bi, yana iya ruɗinsa, amma ba shi da sauran takardar bashi a hannu.

Jinkirin kuwa, 2 Bitrus 3:9 ta ce haƙuri ne, don mutane su sami zarafin tuba. Amsa ce mai wuyar haɗiya ga wanda aka ƙone wa ƙauye. Littafin bai ɓoye wannan ba: a Ru'ya 6:10 waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna kuka suna tambaya sai yaushe, aka ce musu su ɗan ƙara jira.

Yaya faɗuwar ta ƙarshe za ta kasance, daki-daki?

Abokan gaba suna fita ne a juye da yadda suka shigo. Macijin, wato Shaiɗan, ya bayyana a Ru'ya sura 12, dabbobin biyu a sura 13, Babila daga baya. Wajen fita, Babila ce ta fara faɗuwa a sura 18, wato tsarin dukiya da alfasha da ke sayar da komai har rayukan mutane. Sai aka kama dabbar da annabin ƙarya, wato dabba ta biyu, aka jefa su tafkin wuta da rai, 19:20. Sai aka ɗaure macijin shekara dubu, aka sake shi ɗan lokaci, ya tara Gog da Magog, waɗanda a Hausa aka fi sani da Yajuju da Majuju, wuta ta sauko ta cinye su, shi ma aka jefa shi tafkin, 20:10. Sai shari'a a gaban babban farin kursiyi. A cikin abokan gaban, na ƙarshen shiga wuta su ne Mutuwa da Hades, wato mazaunin matattu, 20:14, daidai da 1 Korintiyawa 15:26 da ta kira mutuwa abokiyar gaba ta ƙarshe.

Abu biyu masu wa'azi sukan tsallake. Na farko, ba a ba da labarin wani yaƙi ba. Runduna ta taru a 19:19, a aya ta gaba an riga an kama shugabanta. Makamin Almasihu takobi ne daga bakinsa, 2 Tasalonikawa 2:8 ma ta ce da numfashin bakinsa zai hallaka mugun. Na biyu, wanda ya ɗaure Shaiɗan mala'ika ɗaya ne, ko sunansa ba a faɗa ba. Wasan kwaikwayon matasa da ke nuna Shaiɗan a kan gadon sarauta a cikin wuta kuskure ne. Ba sarki ba ne a can, ɗan sarƙa ne.

Armagedon fa?

Sau ɗaya kalmar ta fito, a Ru'ya 16:16. Ma'anarta a Ibraniyanci dutsen Magiddo, wani tsohon gari a arewacin Isra'ila inda aka sha gwabza yaƙi. Can Sarki Yosiya ya gamu da ajalinsa a 609 kafin haihuwar Almasihu. Wasu suna sa ran yaƙi a filin nan ainihi, wasu suna ɗaukarsa sunan taron ƙarshe na masu gāba da Allah. Ayar dai ta ce an tara su ne kawai.

Shekara dubun nan na zahiri ne?

An ambace su sau shida a Ru'ya 20:2-7, ba a kuma sāke ambatarsu da wannan adadi a wani wuri ba. Fahimta uku ce.

Ta farko: Almasihu zai dawo tukuna, sa'an nan ya yi mulki a duniya shekara dubu. Jostin Mai Shahada da Ireniyus sun bi wannan a ƙarni na 2, ita ce kuma aka fi ji a ikilisiyoyin bishara da na Fentikos a Najeriya. Ƙarfinta shi ne tana bin jerin sura 19 zuwa 20 yadda yake. Inda take tuntuɓe: su wa za su yi tawaye a ƙarshe, bayan an hallaka maƙiya a 19:21?

Ta biyu: shekara dubun siffa ce ta zamanin ikilisiya, daga zuwan farko zuwa na biyu, ɗaurin Shaiɗan kuma shi ne an hana shi tare bishara daga al'ummai. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, shi ya kafa ta da ƙarfi. Katolika da Lutaran da yawancin Rifom suna kanta. Hujjarta Markus 3:27, ɗaure ƙaƙƙarfan mutum kafin a washe gidansa. Wuyarta ita ce bayyana tashin farko na 20:5 a matsayin na ruhu.

Ta uku: bishara za ta rinjayi duniya, a yi dogon zamanin salama, sa'an nan ya dawo. Ta yi tashe a ƙarni na 18 da na 19, Yaƙin Duniya na 1914 ya rage mata magoya baya.

Ba a hana kowa jibin Ubangiji a kan wannan, bai kuma kamata ya raba kwamitin dattawa ba.

Fyaucewa: za a ɗauke mu kafin babban tsanani?

Fyaucewar kanta tana nan a 1 Tasalonikawa 4:16-17: Ubangiji zai sauko, matattu cikin Almasihu su fara tashi, a fyauce masu rai tare da su a taryi Ubangiji a sararin sama. Gardamar a kan lokaci ne. Koyarwar cewa za a ɗauke ikilisiya a ɓoye shekara bakwai kafin bayyanarsa ta yaɗu ne ta hannun wani mai wa'azi John Nelson Darby daga wajen 1830, bayanan gefen shafi na Littafi Mai Tsarki na Scofield da aka buga a 1909 suka kai ta makarantun Littafi Mai Tsarki da yawa. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da 1 Tasalonikawa 5:9 da Ru'ya 3:10, da kuma cewa kalmar ikilisiya ba ta fito ba daga sura 4 sai a 22:16.

Masu cewa zuwa ɗaya ne suna nuna Matiyu 24:29-31, inda tattara zaɓaɓɓu ya zo bayan tsananin. Suna kuma cewa zuwan da ke da kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da ƙaho ba na ɓoye ba ne. Kalmar tarye ɗin ma ita ce a Ayyukan Manzanni 28:15, inda 'yan'uwa suka fita daga Roma suka taryi Bulus suka rako shi cikin gari, kamar yadda ake fita bayan gari taryen sarki.

A ganinmu hujja ta biyu ta fi sauƙin karantawa daga nassin. Ko wanne ka bi, kada ka koya wa mutane cewa mai bi ba zai sha wuya ba. 'Yan'uwanmu daga Gwoza da Michika da Kudancin Kaduna suna zaune a benci ɗaya da kai.

Wane ne magabcin Almasihu? Shi ne Dujal?

Kalmar ba ta cikin Ru'ya ko sau ɗaya. Tana 1 Yohanna 2:18, 2:22, 4:3 da 2 Yohanna 7, inda aka ce yana zuwa, kuma da yawa sun riga sun zo: duk mai musun Uba da Ɗan, ko mai musun cewa Yesu ya zo cikin jiki. Yawancin masu fassara suna haɗa shi da mutumin tawaye na 2 Tasalonikawa 2 da dabbar Ru'ya 13. An liƙa sunan ga Niro sarkin Roma, ga fafaroma dabam-dabam, ga Napoliyon, ga Hitila, duk sun mutu duniya tana nan.

Maƙwabtanmu Musulmi suna jiran Dujal, mayaudari mai al'ajibai, suna kuma jiran saukowar Annabi Isa ya kashe shi. Kamannin a fili yake, yana kuma buɗe ƙofar hira a kasuwa. Bambancin shi ne a bangaskiyar Kirista mai dawowar shi ne wanda aka gicciye ya tashi, shi ne kuma alƙalin ranar.

BVN, NIN ko allurar rigakafi, su ne alamar 666?

A'a. An yi wannan tsoro da aka ƙaddamar da BVN a 2014, aka sāke yi lokacin rigakafin korona a 2021, ya ƙara tashi a farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Ayar da ake riƙewa ita ce Ru'ya 13:17, ba mai saye ko sayarwa sai mai alamar. Amma a karanta 14:9 tare da ita: alamar tana tafiya da yi wa dabbar sujada. Kishiyarta ita ce hatimin Allah a goshin bayinsa, 7:3 da 14:1, ba wanda kuma yake neman wannan hatimi da madubi. Goshi da hannu daga Maimaitawar Shari'a 6:8 suke, tunani da aiki ke nan, wato wa ya mallake ka.

Tarihi ya nuna kamannin abin. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa a daular Roma ya yi hadaya ga alloli a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An tono irin takardun nan a Masar. Wannan takarda sai ka yi sujada kake samunta. To ka auna kowace sabuwar doka da haka: an ce ka yi musun Almasihu kafin a ba ka? An ce ka rusuna wa wani a matsayin Allah? In babu, lambar banki ce kawai. Ba a karɓar alamar dabbar cikin rashin sani a layin banki.

Lambar kanta, 13:18 ta ce a lissafta ta, lambar mutum ce. Wanda ya san hisabin abajada, alif ɗaya, harafin ba biyu, jim uku, ya riga ya gane dabarar, domin haruffan Ibraniyanci da na Helenanci ma lambobi ne. In aka rubuta Neron Kaisar, wato sunan Niro, da haruffan Ibraniyanci, ana samun 50, 200, 6, 50, 100, 60 da 200, jimla 666. In aka cire nun ɗin ƙarshe na sunan, yadda Romawa suke faɗarsa, sai ta koma 616, kuma akwai tsofaffin kofe da suke ɗauke da 616 ɗin. Niro ya yi mulki daga 54 zuwa 68, shi ya karkashe Kiristoci bayan gobarar Roma ta 64. Wasu kuma suna ganin shida sau uku ne, mai kwaikwayon bakwai da ba ya kaiwa. Lambar mota ko ta waya mai 666 ba ta da wani lahani. A Ezra 2:13 zuriyar Adonikam 666 ne suka komo daga bauta.

Mutum 144,000 ne kaɗai za su tsira?

A'a. 12 sau 12 sau 1,000 ne, adadin cikar jama'ar Allah, ko kuma Yahudawa masu bi a fahimtar wasu. Nan take a 7:9 Yohanna ya ga taro wanda ba mai iya ƙirgawa, daga kowace kabila da harshe.

Daga ina aka samo shekara bakwai na tsanani?

Daga Daniyel 9:24-27: bakwai saba'in, wato shekara 490, an kasa su 7 da 62 da 1. Na farkon biyu sun ba da 483. Masu farawa daga umarnin Ezra 7, a 458 ko 457 kafin haihuwar Almasihu, suna sauka a shekara ta 26 ko 27 bayan haihuwarsa, farkon hidimar Yesu. Masu farawa daga Nehemiya 2, a 445 ko 444, suna amfani da shekara mai kwana 360, su sami kwana 173,880, su sauka a 32 ko 33. Kuskuren da aka fi yi a allo shi ne mantawa babu shekarar sifiri, sai lissafi ya goce da ɗaya.

Bakwai na ƙarshen ne ake gardama a kai. Wasu sun ce an ajiye shi sai ƙarshen zamani, wasu sun ce ya bi sauran nan da nan, wasu kuma sun ga cikarsa a Antiyokus na 4 wanda ya ƙazantar da Haikali a 167 kafin haihuwar Almasihu. Ru'ya ba ta taɓa cewa shekara bakwai ba. Abin da take maimaitawa rabinsu ne: wata 42, ko kwana 1,260.

Wani annabi ya sa rana. Mu yi yaya?

Markus 13:32 da Ayyukan Manzanni 1:7 sun rufe wannan ƙofa. William Miller, mai wa'azi a Amurka, ya mai da kwana 2,300 na Daniyel 8:14 shekaru, mabiyansa suka jira 22 ga Oktoba 1844. A Koriya ta Kudu an jira 28 ga Oktoba 1992. Harold Camping, shi ma mai wa'azi a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, ya ɗaga zuwa Oktoba. Abin yakan wuce asarar dukiya: a Kanungu ta Yuganda ɗaruruwa suka ƙone a cikin majami'a ran 17 ga Maris 2000, a dajin Shakahola na Kenya kuma an tono gawa fiye da 400 daga 2023.

Salon ɗaya ne kullum. A mai da kwana shekara, a zaɓi mafarin da zai kai lissafi kusa da yau, in rana ta wuce a ce ta cika a ruhaniya. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce wanda maganarsa ba ta cika ba, kada a ji tsoronsa. In an ce ki sayar da keken ɗinkinki, ki cire yara daga makaranta, ki daina shan magani, ko ki yanke hulɗa da dangi, ki kai maganar gaban fasto da dattawa a ranar.

Yaƙe-yaƙe da kafa Isra'ila a 1948 ba alamu ba ne?

Yesu ya ce yaƙi da yunwa da girgizar ƙasa farkon naƙuda ne, ƙarshen tukuna, Matiyu 24:6-8. Game da 14 ga Mayu 1948, masu bin Darby suna ganin cikar Ezekiyel 37, wasu suna ganin alkawaran sun cika cikin Almasihu da jama'arsa. Waɗanda suka ƙara tsara ɗaya ta shekara 40 a kan 1948 sun jira 1988, ta zo ta wuce.

To in ci gaba da adashi da ginin gida a ƙauye?

Ci gaba. Wasu a Tasalonika sun ajiye aiki, Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, 2 Tasalonikawa 3:10. A Matiyu 24:46 bawan da aka yaba shi ne wanda maigida ya tarar yana raba wa 'yan gida abinci.

Bayan an kawar da mugunta, sama za mu koma?

Ru'ya 21 ta nuna birnin ne yake saukowa, Allah ya zauna tare da mutane a sabuwar ƙasa, da jikin tashin matattu. Tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne, wajen kilomita 2,200 kowanne, wajen ninki biyu na hanyar Legas zuwa Kano. Wuri ɗaya ne a Tsohon Alkawari yake da wannan siffa, Wuri Mafi Tsarki na 1 Sarakuna 6:20, shi ya sa ba haikali a birnin. Masu zama kusa da ruwa sukan tambaya me ya sa aka ce babu teku. Daga teku ne dabbar ta fito a 13:1. Masu aikin gadi kuma sukan tsaya a 21:25: ƙofa goma sha biyu ce, ba a rufe ko ɗaya da rana, dare kuwa babu shi a can.